Harshen Iya Sahura

Ranar kasuwar Gujungu na yi sammako,
takardar asibiti a aljihu, gumi ya jiƙa ta.
Malamar ta faɗa wa Baba a gabana:
sukari ya hau, gishiri ma a ja baya,
amma kunun gyaɗa kar a raba shi da shi,
a dai nemo markaɗen da ba a yi wa ha'inci ba.

Ni kuwa me na sani? Mai facin taya ne ni.
Na san kukan iska in ta samu ƙofa,
gyaɗa kuwa a baki kawai na san ta.

Na bi layin mata, kwanuka jere a rana,
kowace na rantsuwa da kabarin kakarta.
Na sayi uku, kaɗan-kaɗan.
Na fari a kwalba mai takarda, ɗan birni,
sumul kamar man shafawa.
Na biyu a leda, fari tas, arha kamar sadaka.
Na uku a tsohon gwangwanin madara,
mai ya taso ya kwanta a kansa, ba kyan gani.
Wannan don tausayin mai shi na saya,
ita kaɗai ce ba ta kira ni ba.

Na kai wa Iya Sahura, yayar Baba,
wadda ta shekara arba'in a bakin kaskon ƙuli
har hayaƙi ya tafi da ganinta.
Tafin hannunta har yau ƙanshin suya yake.

Ta ce, miƙo.
Ta dangwali na kwalba, ta ɗora a harshe, ta yi jim.
Tanimu, alawa ka sayo?
Ji yadda ya manne mini a ganɗa.
Sukari ne da wani mai da ba ya narkewa,
gyaɗar baƙuwa ce a cikin gidanta.

Na leda ko baki bai kai ba,
a hanci ta tsayar da shi.
Ta ce, an cika shi da garin rogo,
wannan ƙaramin laifi ne.
Babban yana ƙasa: gyaɗar da ruwa ya taɓa a buhu,
ta yi funfuna, aka ƙi tsincewa,
aka soya ta da 'yan uwanta don kar mudu ya ragu.
Irin wannan ɗacin hanta yake nema.
Haƙa rami ka binne, ko kaji kar su gani.

Na ji kunyar miƙa na uku.
Na ce, Iya, wannan ya tsinke, duk mai ne a sama.
Ta ce, kawo tsinke ka juya.
Na juya, na juya, har ya haɗe ya yi duhu.
Ta lasa. Ta sake lasa.
Ta ce, man da ya taso ba aibi ba ne,
gyaɗa ce da ba a toshe mata baki ba.
Gyaɗa, wuta, niƙa, shi ke nan.
Ba girin-girin ba, ta yi mai.

Sai ta juyo da fuska wajen muryata:
Wa ta sayar maka?
Na ce, wata mai tabon ƙuna a wuyan hannu,
can ƙarshen layi, kusa da masu igiya.
Iya ta yi dariya har tari ya sarƙe ta.
Barira ce! Ni na koya mata tsinta,
ƙwaya ɗaya ruɓaɓɓiya, ranƙwashi ɗaya.
Ashe kan ya riƙe.

Da magariba aka dama wa Baba da tsamiya.
Ya kurɓa, ya ɓata rai, ya ce ba zaƙi,
ya ce mun haɗa baki da malamar asibiti.
Ya shanye. Ya leƙa kwanon.
Ya tambaya ko da saura.

Kwalbar birni kuwa na wanke ta.
Tana shago yanzu, kan benci,
ƙusoshin da na zare daga taya nake tarawa a ciki.